Ciro Dutsen Zangaru

Da sunan Allah mai kora girgije inda ya ga dama, mai shayar da wata ƙasa har ta ƙoshi, ya bar maƙwabciyarta da ƙishirwa, don hikimar da shi kaɗai ya sani. Bayan haka, ni ne Korau ɗan Mantau, mutumin Zangaru, ƙasar da ke can bayan jajayen duwatsu inda hanyar fatake take ƙarewa. Na yi yawo tun gashina yana baƙi har ya yi fari, na sha ruwan rijiyoyin da ba sa ƙirguwa, amma tafiya ɗaya ce ta bar mini shaida a jiki, ita kuwa zan ba ku labari. Ku sani tun farko ni mutum ne mai zargi. Wanda duk ya gaishe ni da fara'a mai yawa, sai na laluba aljihuna bayan ya wuce.

A Zangaru damina kwana hamsin ce, wani lokaci ma ba ta cika ba. Saboda haka kakanninmu ba sa jiran ruwa kafin su yi shuka. Binne suke yi: tun ƙasa tana busasshiya ake sara rami, a zuba iri, a rufe da diddige, iri ya kwanta yana jira. Ran da ruwan fari ya sauka, ran nan gero yake fara tafiyarsa. Geron namu kuwa gajere ne mai sauri, ɗan-hamsin muke ce masa, ba ya yi a ko'ina sai a wurinmu.

Shekara goma sha biyu kafin tafiyata muka shiga Tarayyar Tukunya Guda, mu ne ƙasa ta tara. Al'adar shiga ita ce kowace ƙasa ta kai dutse ɗaya Birnin Murhu, a sa shi ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya da wutarta ba ta mutuwa. Ba zan ci amanar gaskiya ba, da farko mun ji daɗi. Gishiri ya yi araha, mahara suka daina tare hanya, yaranmu suka ga duniya. Sai aka wayi gari Majalisar Murhu ta kafa dokar ganga: kada kowa ya sa iri a ƙasa sai an yi ruwa uku a Birnin Murhu, sannan a buga gangar shuka, makaɗa su miƙa ta daga tudu zuwa tudu har ƙarshen Tarayya. Dalilinsu wai don amfanin gona ya shiga kasuwa lokaci ɗaya, kada wata ƙasa ta riga wata.

Su can daminarsu wata biyar ce. Mu kafin ganga ta iso mana, ruwanmu ya ci rabi. Shekarar farko waɗansu suka yi kunnen ƙashi suka yi binnensu, dogaran ganga suka jira sai da tsiro ya fito, sannan suka kora shanu cikin gonakin. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Aka kawo mana dogon geron Tarayya, ya yi kara har ya fi mutum tsawo, ruwa ya ɗauke bai fitar da kai ba. Shekara uku muna cin tafasa da ganyen rama, muna binne yara maimakon iri.

Wata safiya Gwaggo Tasalla ta aiko kirana. Ƙanwar mahaifina ce, ita ce Magajiyar Iri, mai riƙon tukwanen da ake adana ɗan-hamsin cikin toka, kuma dattawan ƙasa ba sa yanke magana sai sun ji ta bakinta. Na same ta tana murza ƙwayar gero tsakanin yatsu.

Ta ce, "Korau, iri ba ya wuce damina huɗu a tukunya. In bai shiga ƙasa bana ba, ya mutu, mu ma mun bi shi. Za ka tafi Birnin Murhu ka roƙa a bar mu mu yi binne. In sun ƙi, ka ɗauko mana dutsenmu."

Na ce, "Gwaggo, duk mazan garin nan sai ni? Ko an gaji da ganina ne?"

"An gaji mana. Amma ba shi ne dalili ba. Duk wanda muka aika can, da an ba shi shimfiɗa mai laushi sai ya manta hanyar gida. Kai kuwa ko uwarka ta tashi daga kabari ta ba ka fura, sai ka shinshina. Saura kwana arba'in shamuwa ta iso. Tashi."

Ta ƙulla mini iri cikin tsumma, tafi guda, don in nuna wa majalisa. Na fita ina juya maganarta, don ban ga alamar ta faɗa mini duk abin da ke cikinta ba.

Kwana huɗu ina tafiya na iso Ƙofar Zabi, inda ake binciken matafiya. A nan Tarayya take kiwon waɗansu zabi masu girman jakuna, an horar da su su ji ƙanshin duk irin da ba na Tarayya ba. A gabana suka yage wa wani tsoho riga saboda 'yan ƙwayoyin wake da ya ɗinke a wuya. Ina tsaye ina zufa, sai wata mata mai jakuna shida ta matso kusa da ni. Doguwa ce, baƙa, da tabo a haɓa, sunanta Hakama, fataucin gishiri take yi.

Ta ce a hankali, "Bawan Allah, yadda kake dafe ƙugunka ko makaho ya san akwai abu a wurin. Kawo."

"Baiwar Allah, a ina kika san ni?"

"Ban san ka ba. Zabi kuwa yanzu za su san ka."

Ba yadda zan yi, na miƙa mata. Ta tura ƙullin cikin ramin wani kantun gishiri ta toshe. Zabin suka zo suka shinshina, gishiri ya shiga hancinsu, suka yi ta atishawa suka ja da baya. Muka wuce. Ta mayar mini da ƙullina, na auna shi da ido, na yi godiya da baki. A raina na ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ta ce hanyarmu ɗaya, muka jera, amma ban yarda na ci abinci daga ƙwaryarta ba, kuma duk tambayar da ta yi mini sai in ba ta labarin jakuna.

Bayan kwana biyar muka iso Kogin Mayalwa, wanda ba a hango gaɓarsa ta can. Ba jirgi a wurin. Kififiya ce, kunkurun ruwa, bayanta ya kai faɗin kasuwar ƙauye, ita take haye da mutane. Sharaɗinta ɗaya: ba ta motsi sai duk wanda ke bayanta ya yarda da mashigin da za a sauka. Muka tarar da mutanen ƙasashe dabam-dabam sun kwana uku a kanta. Masu shanu suna son mashigin ciyawa, masu tukwane suna son na yashi, wani malami ya dage sai mashigin da ke kusa da gidan surukinsa. Har an kafa rumfa ana sayar da ƙosai.

Na zauna yini guda ina jin su, ina tuna kwanakina suna zubewa. Da gari ya waye na miƙe a tsakiyarsu na ɗaga murya na ce, "Ni ban yarda a haye ba sam. Mu zauna a nan har kogin ya ƙafe."

Sai suka taso mini gaba ɗaya. Wannan ya ce ɗan ƙauye, wancan ya ce ɗan Zangaru ne ai, ba su san komai ba sai duwatsu. Mai shanu ya ce ko mashigin yashi ne a tafi, don dai a ƙuntata wa wannan. Malamin ya ce ya yafe surukinsa. Da na ga bakinsu ya haɗu, sai na sunkuyar da kai na ce na bi jama'a. Kififiya ta ɗaga kai ta kama iyo. Hakama ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban yi ba, don na ga yadda sunan ƙasarmu yake da sauƙin fita a bakin mai zagi.

Rana ta goma sha biyu muka shiga Birnin Murhu. Tun daga nesa ake ganin hayaƙi. A tsakiyar birnin akwai fili, a tsakiyar filin tukunyar take, sai an hau tsani ake leƙa cikinta, mutum arba'in ke tura mata itace. Kunun hatsin ƙasashe tara ke tafasa a ciki, kowane baƙo ana ɗiba masa. Na sha, ba laifi, sai dai ban ji ɗanɗanon geronmu ba.

Na nemi wakilinmu, Arzika, abokin mahaifina ne tun suna yara. Ya bar Zangaru siriri kamar sanda, na same shi sai mutum biyu sun kama shi yake tashi. Ya rungume ni har da hawaye.

Ya ce, "Ɗana, yaya gida? Yaya damina, an fara girbi ko?"

Na ce, "Baba, bazara muke ciki."

Ya shafa gemu. "Haka ne, haka ne. Nan ba a gane lokaci." Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya rage murya. "Roƙo dai ka yi, zan sama maka rana. Amma maganar dutse kada ta fito daga bakinka. Dokar ita ce mai fita ya ciro dutsensa da hannu tsirara, ba a kashe wuta, ba a sauke tukunya. In ta karkata ta zube, jinin duk wanda ya ƙone yana wuyan ƙasarku. Ba a taɓa yi ba, ɗana. Ba za a taɓa yi ba."

Kwana uku aka ɗauka kafin a ba ni izinin magana. Wakilai tara suna zaune kan buzaye kewaye da wuta, Sarkin Murhu yana tsakiya, dattijo fari mai sanyin murya. Na durƙusa na kwance ƙullina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne ɗan-hamsin. Ba ya jiran ganga, ruwa yake jira. Ruwanmu kuwa baƙo ne mai gaggawa, in bai tarar da iri a ƙasa ba, wucewa yake yi. Ba mu ce a sauya wa kowa doka ba. A bar mu mu yi binne kamar iyayenmu."

Wakilin wata ƙasa mai fadama ya ce, "A zuba hatsi a busasshiyar ƙasa? Ai ciyar da gara ke nan. Shi ya sa kuke yunwa."

Sarkin Murhu ya ɗaga hannu. "Ɗan Zangaru, mun ji, kuma ranmu ya ɓaci da halin da kuke ciki. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka bar ku, gobe masu shinkafa za su zo da tasu, jibi masu doya. Wa ya kore muku mahara? Wa ya kawo muku gishiri? Za mu naɗa mutum biyar masu ilmi su je su duba wannan binne da idonsu."

"Yaushe, ranka ya daɗe?"

"Bayan damina, in hanya ta bushe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne kun kore mahara, amma mahara ba su taɓa hana mu shuka ba. Gishiri kuma a miya ake sa shi, miya kuwa sai da tuwo. Ku mutanen kirki ne, ban ce kun ƙi mu ba. Ba ku san ruwanmu ba ne, kuma ba za ku sani ba, don ba a kanku yake ɗaukewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai ce a yi shuka ya kamata ya zama wanda zai kwana da yunwa in ya yi kuskure."

Suka yaba da iya maganata. Aka karɓi ƙullin irin, wai za a adana shi don masu bincike. Aka sallame ni da riga.

Na koma bakin murhu na zauna, baƙin ciki ya cika ni, ina kallon dutsenmu. Na gane shi don ja ne, girman kabewa, yana gefen da ake tura itace, ya yi baƙi da hayaƙi. Ina cikin kallo sai na ga harshen wuta ya bi ta kansa ya fita waje. Na goge ido. Wani ya sake wucewa. Na kwanta rub da ciki na leƙa, sai ga haske tsakanin kan dutsen da gindin tukunya, tazarar yatsa uku. Tukunyar ba ta zaune a kansa ko kaɗan.

Na je na sami Arzika na ce, "Baba, tun yaushe?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Shekara bakwai. Manyan ƙasashe kowace shekara suna ƙara wa nasu laka a gindi, tukunya tana ɗagawa. Mu ba mu da abin ƙarawa."

"Kuma ka ce mini za ta zube."

"Ɗana, in na faɗa, ina zan koma? Ban iya riƙe fartanya ba yanzu." Ya kawar da kai. Na so in zage shi, sai na ga tsoho ne kawai mai tsoro, na fita.

Saura zafin wuta. Kwana biyu na zauna ina karanta iska, abin da kowane ɗan Zangaru ya iya tun yana goye. Na lura cewa da zarar rana ta take tsaka, iskar filin tana juyawa, ta kwantar da harshen wuta zuwa gabas na ɗan lokaci, gwargwadon a sha ruwa a ajiye moɗa. A rana ta uku na tsaya gaban majalisa na ce Zangaru tana son dutsenta, kuma da tsakar rana zan ɗauka.

Birni ya taru. Waɗanda ke kusa da tukunya suka gudu nesa. Sarkin Murhu ya sa aka wanke mini hannu a gaban kowa don a tabbata ban shafa komai ba, sannan ya ce, "Ka sani, da zarar dutsen ya fita daga toka, hanyarmu ta haramta gare ku, da kififiya, da gishiri. Kada ku zo kuna kuka."

Na ce, "Mun saba da kuka, ranka ya daɗe."

Iska ta juya. Na shiga. Ba zan iya kwatanta muku zafin ba, na dai ji ƙaurin naman da na san nawa ne. Na rungumo dutsen da tafuka biyu, na ja, ya taso. Taku bakwai ne daga murhu zuwa bakin toka, na yi su ina kiran sunan Allah, na jefar da shi a yashi na faɗi a gefensa. Tukunya ba ta ko girgiza ba. Kunu ya ci gaba da tafasa, mutane suna kallon juna.

Hakama ce ta ja ni inuwa, ta shafa mini zuma da man shanu, ta naɗe hannuwan da tsumma. Washegari ta ɗora dutsen a kan jakinta guda, ta ɗaura kantu ɗaya a gefe, ta ba ni jakin, ta raka ni bayan gari.

Na ce, "Yanzu dai ki faɗa mini. Wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Sarkin Murhu. Tun daga Ƙofar Zabi aka ce in bi ka, in riƙa kai labarin abin da kake faɗa. Na kuwa kai. Labarin jakuna ya sha har ya gaji."

"To me ya sa kika ɓoye mini iri? Fitarmu ai asararki ce, kasuwarki ta rufe."

"Matattu ba sa sayen gishiri, Korau. Ku rayu tukuna. Hanyar da aka rufe da baki, ƙafa tana buɗe ta wata rana." Ta juya ta tafi, ban ma gode mata yadda ya kamata ba, abin yana damuna har yau.

Da yake kogi ya haramta gare ni, sai na zagaya ta mafarinsa, cikin duwatsun da ba kowa sai birai. Kwana ashirin da uku na yi, ina cin abinci da baki kamar akuya don hannu ba ya riƙo. A rana ta goma sha takwas na ga shamuwa ta wuce ta kaina. A ta ashirin na hango hadari ya yi baƙi a kan Zangaru, na ji ƙanshin ruwa a iska. Na zauna a kan dutse na yi kuka, don na san na makara, ruwan fari ya sauka a kan gonakin da ba iri.

Da na hau tudun ƙarshe na leƙa, sai na ga abin da ban gane ba. Gonaki sun yi layi-layi kore, karkatattu, ba irin layin sungumi ba. A bakin gonaki kuwa shanu ne fiye da ɗari, dogaran ganga suna riƙe da su, shugabansu Barden Ganga yana gaba a kan doki. Tsakaninsa da tsiron ba kowa sai Gwaggo Tasalla a zaune a kan turmi, mata a bayanta.

Na kora jaki da ƙafa muka gangara. Na ji Barde yana cewa, "Iya, kwana uku na ba ki saboda kin ce manzonku yana gaban majalisa. Sun cika. Ki tashi kada shanu su taka ki."

Na sa kafaɗa na ture dutsen daga bayan jaki, ya faɗo gaban dokinsa. Ya sauko, ya juya shi da ƙafa, ya ga jan dutse da baƙin hayaƙi, ya dubi tsummokaran hannuna. Mutum ne mai bin doka, ita ta kawo shi, ita kuma ta mayar da shi. Ya ce wa mutanensa, "Nan ba ƙasarmu ba ce yanzu. Ku juya shanu."

Sai da ƙurarsu ta ɓace na dubi Gwaggo. Na ce, "Yaushe kuka yi binne?"

"Washegarin tafiyarka muka fara. Idon Tarayya duk yana kanka. Da tsakar rana dogarai suna barci a inuwa, mu muna zuwa rijiya ta cikin gonaki, iri a bakin zane, diddige yana aiki."

"Ashe ban yi zargin banza ba. Da na dawo ba dutse fa?"

"Da shanu sun taka ni, sannan su taka gero. Da ka san mun shuka kuwa, da gaggawa ta sa ka shiga wuta ba ka duba iska ba. Na san ɗan wana." Ta kama hannuna ta kwance tsumman, ta ga yatsun sun manne sun ƙandare, ba za su ƙara riƙe fartanya ba. Ta daɗe tana riƙe da hannun kafin ta sake shi.

Na shiga gona. Irin ya tsufa, cikin kowane rami goma, huɗu ne suka fito, sauran sun mutu a ƙasa. Gwaggo ta ce daga bayana, "Bana ba za mu ƙoshi ba. Amma za a sami na tukunya."

Na durƙusa a gaban wani tsiro mai ganye biyu, na taɓa shi da yatsuna, ban ji komai ba. Sai na sunkuya na kara kumatuna, na ji sanyinsa da laimar ruwan jiya.

Iyakar abin da na gani ke nan a tafiyar Birnin Murhu. Abin da na faɗa daidai, Allah ne ya nufa, inda na yi son kai kuma, ku yafe wa tsoho.